Agogon da Bai Taɓa Jin Zafi Ba

Da kifin banda na sayi babur ɗin. Shekaru na yi a gaban murhu ina shan hayaƙi kafin na mallake shi, don in daina roƙon direbobi su kai mini kaya Gashuwa. Ni mace ce, ba hawa zan yi ba, sai na damƙa shi a hannun ƙanen mijina, wani dogon saurayi da ba ya wuce madubi bai tsaya ba.

Da bazara ta kama, bakaniken unguwarmu ya ce injin yana shan wahala. Kwalayen kifi daga Nguru, buhunan barkono a dawowa, ga rana. Ya ce a sa masa agogon da ke nuna zafin baƙin mai, in allura ta haura sai a tsaya a inuwa ya huce.

Na yafa mayafi muka je shagon kayan babur tare da ƙanen mijina. Mai shagon ya fito da iri biyu. Ɗaya na wuta ne, da batir yake aiki, yana da fitila shuɗiya. Ɗayan ba ruwansa da batir, wani siririn bututun jan ƙarfe ne da shi, dogo, da ake ɗaurawa a inji.

"Anti, wannan mai wutar za mu ɗauka," in ji ƙanen mijina. Ko tambayar yadda yake aiki bai yi ba.

Na ce, "Da wane batirin? Wanda ya mutu tun kafin azumi?"

Na ɗauki mai bututu. Mai shagon ya dubi ƙanen mijina ya ce, "Samari, akwai ruwa a cikin bututun nan, shi ke tura allurar. Kada a lanƙwasa shi da ƙarfi, kada a yanke." Gogan naka ya ce to, idonsa na kan shuɗiyar fitila.

Bututun ya yi wa babur tsawo, sai bakanike ya naɗe ragowar a ƙarƙashin tanki. Nan abokan majalisar ƙanen mijina suka samu abin yi. 'Yan zaman kashe wando, waɗanda ko keke babu mai shi a cikinsu, su ne suka ce babur ɗinsa ya fito da hanji waje. Shi kuma da yake maganar banza ta fi shiga kunnensa, ya ari filaya ya datse bututun, ya haɗa bakin biyu ya naɗe da baƙin salatif. Aikin ya yi tsaf, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ni ban sani ba. Abin da na sani, kullum ya dawo sai ya cika mini kunne: "Anti, babur ɗin nan ƙarfe ne! Har Gashuwa ban tsaya ba, allura ko motsi." Na ji daɗi har na ƙara masa kwali ɗaya a kan kayan.

Ranar da abin ya faru, da la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu. Babur na kwance a baya, yana warin ƙonannen mai. Injin ya buga bayan Jajimaji. Kifina ya wuni a bakin titi, rabi ya farfashe ya zama gari. A nan na ga salatif ɗin.

Takaici ya hana ni kuka. Shi kuwa ƙanen mijina ya diro daga mota yana karkaɗe wando, ya nuna mini agogon da yatsa, wai shi ga mai shaida.

"Wallahi Anti ba laifina ba ne. Duba da idonki, har yanzu sanyi yake nunawa."

Bakanike ya buɗe injin ya rufe, ya ce sai dai sabo. A kilo aka sayar da babur ɗin, na koma bin direbobin tasha ina ba su haƙuri. Agogon kaɗai na cire. Na rataye shi a jikin katanga, dab da murhun banda, inda ko ni ba na iya daɗewa a tsaye. In ƙanen mijina ya shigo cin tuwo, dole ta gabansa zai wuce, kuma har yau sanyi yake nunawa.