Kawu Modu Bai Yarda da Igiya Ba

Duk wanda ya taɓa kiran Kawu Modu kan mota ya san abin da zan fara faɗa. Ka tsaya kana haɗa gumi, ka ɗaga masa bonet, shi kuwa ya wuce ka kamar bai gan ka ba. Ya zagaya baya, ya tattare riga, ya tsuguna daidai bakin salansa, sannan ya ce, "Yi mata ki." Baƙi kan ɗauka fitsari zai yi! Mu 'yan Gashuwa mun san aiki ne ya fara.

Ƙanin mahaifiyata ne, bakaniken motocin gas, ni kuwa direban a-kori-kura, ina jigilar tattasai da shinkafa tsakanin Gashuwa da Nguru. Karatunsa ɗaya ne, ya yi mana shi har mun haddace. In inji yana juyawa ya ƙi tashi, a duba hayaƙi. In babu hayaƙi, gas bai iso ba. In fari ne, ya iso amma bai ci wuta ba. Sauran surutu na direbobi ne. Sannan yana da rantsuwa guda da ya riƙe tun yana saurayi: motar da aka kira shi kanta ba za a ja ta da igiya ba. "Igiya ta akuya ce," in ji shi. "Inda mota ta mutu, nan za ta tashi." Wannan rantsuwa ita ce mutuncinsa, ya fi ji da ita a kan gonarsa.

Kun tuna Alhaji Buba mai fataucin shanu? Motarsa ta ƙi tashi a bakin kara, kasuwar shanu, ya zauna yana ta murza makulli, ƙir ƙir ƙir, har muryar inji ta fara shaƙewa. Kawu ya iso, ko sallama bai gama ba ya miƙa hannu ta taga ya zare makullin ya jefa aljihu.

"Modu, lafiya? Motata ce fa!"

"Taka ce, Alhaji. Batirin me ya yi maka? Saniya ta ƙi tashi, sai ka kama makiyayi da duka?"

Alhaji ya yi ta bambami. Kawu ya gyara mota tsaf, amma makulli bai koma hannun mai shi ba sai da ya yi alkawari a gaban 'yan kara cewa ba zai sake ba.

Sai kuma ɗanɗano. Wallahi Kawu lasar gas yake yi! Ya tsoma yatsa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai sayen zuma. Matarsa Ya Falmata har kofin shayi ta ware masa, ta ce ba za a sa wa 'ya'yanta warin gareji ba. Wata ranar kasuwar Jakusko wani direba da motarsa ta mutu ya rantse masa cewa a gidan mai ya sha gas, bai taɓa tsayawa wurin 'yan bumburutu ba. Kawu ya kwance ƙasan filta, ya tara murfin gora, ya lasa, ya tofar.

"Ɗan'uwa, wannan gidan man naku a bakin kogi yake?"

"Me ka gani, Malam?"

"Ruwa na gani. In ba za ka wanke tankin nan ba, ka zuba tarwaɗa a ciki, ko riba ka samu."

Direba ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, kasuwa ta ɗauki dariya. Har yau Mai Tarwaɗa ake kiransa.

Ni ma ban tsira ba. Wata safiya mai sanyi na yi lodin ɗanyen tattasai a fadamar Katuzu, mota ta ce ba ta san zance ba. Ɗanyen tattasai kuwa ba ya jiran kowa, rana na ɗagawa zai fara laushi. Wani mai tarakta ya tausaya mini, har ya ɗaura igiya, sai ga Kawu a bayan acaɓa yana ɗaga hannu tun daga nesa. Ya sauka, ya kwance igiyar, ya naɗe ta, ya zauna a kai.

"Kawu, kayan mutane za su ruɓe!"

"Su ruɓe. Yi mata ki."

Na yi. Farin hayaƙi ya turnuƙe shi, ya fito yana tari yana murmushi. Ya ce hita ce ta mutu, inji ya yi sanyi, ɗumi kawai take so. Ya lalube aljihu bai sami tsumma ba, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Adamu, cire singiletinka."

"Sabuwa ce fa, Kawu!"

"Ta fi cin wuta."

A gaban mata masu tsinkar tattasai na tuɓe. Ya naɗa ta a wayar ƙarfe, ya jiƙa da gas, ya kunna, ya kara a bakin da inji ke shan iska. Murzawa ɗaya ta ɗauka! Ya miƙa wa mai tarakta igiyarsa ya ce ya gaida akuyoyin gida. Ni kuwa na iso Gashuwa ina rawar ɗari.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, muka shirya kai shi asibiti a Nguru. Numfashi yana yi masa wuya, magana ma sai ya huta. Muka shimfiɗa katifa a bayan motata, muka kwantar da shi, Ya Falmata ta zauna ta ɗora kansa a cinya. Na shiga na murza. Inji ya juya, ya juya, ya ƙi tashi.

Maƙwabcinsa ya fito da ƙaramar motarsa, ya ce a mai da Malam can, tawa kuma tunda ta tare lungu a sa tifa ta ja ta gefe. Muka zo ɗaukarsa, sai ya damƙe ƙarfen bodi.

"Ina sauka... za ku ja ta."

"Malam, don girman Allah!" in ji Ya Falmata tana kuka. "Ta ranka muke yi, kana ta mota?"

"Ina cikinta... a ja ta? A Gashuwa?"

Ban taɓa jin haushin mutum da tsoron rasa shi lokaci guda irin na ranar ba. Na so in ɓanɓare hannun nan da ƙarfi, na kasa. Ya ce Ya Falmata ta leƙa salansa, ni in sake yin ki. Baiwar Allah ta leƙa da hawayenta, ta ce babu hayaƙi.

"Adamu... me ka taɓa jiya?"

"Sabuwar filta na sa, Kawu, saboda tafiyar nan."

"Ka kyauta... iska ka sa mata."

Daga kwance ya yi ta ba da umarni. In sassauta natin kan filta, in yi ta danna famfon hannu, kada in ɗaure sai kumfa ta ƙare gas ya fito zalla. Sifana ta suɓuce mini, ya ji ƙararta ya yi tsaki. Kumfa ta ƙare, na ɗaure, na murza, mota ta ɗauka har lungu ya amsa. Sai a lokacin ya saki ƙarfen.

A Nguru likita ya yi mana bayani cewa iska ba ta isa huhunsa sosai. Kawu ya janye robar hancinsa ya dube ni. "Ka ji rabo. Ita ta yi mata yawa, ni ta yi mini kaɗan." Likita ma sai da ya dara. Na keɓe da shi na tambaya ko jinkirinmu ne ya jawo, ya ce a'a, ciwon ya daɗe da yin nisa. Bai cika mako a gadon ba Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na ɗaga hannunsa na dama sai na tsaya. Zaman asibiti ya wanke baƙin mai, farata sun yi fari tas, tafin ya yi laushi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun nan haka ba, har na ji kamar na wani ne. A nan kukan da na riƙe ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Kawu Modu, ya yafe masa taurin kansa, ya sa wahalar da hannun nan ya sha wa mutane ta zame masa haske a kabari. Allah ya ba Ya Falmata haƙuri. Amin.