Gidan Amarya Mai Hasumiya

Ko zan manta komai na zamana a Riyad, ba zan manta Juma'ar da aka gaya mini sunan abin da na shekara biyu ina ginawa ba.

Lokacin ina tuƙin motar kayan gini a unguwar Sulay. Ni mutum ne da littattafan soyayya suka raina, irin waɗanda ango ke kai amarya gidan da babu kamarsa a gari, kuma irin wannan gida na yi wa yarinyar da nake nema alkawari. Wata rana a kasuwar gwanjo na ga wani tsohon zane cikin firam. Gini ne na jan bulo, dogo, tagogi biyar a jere, kowace samanta a lanƙwashe kamar gira. Farar ƙofa tsakanin ginshiƙai biyu, ga 'yar hasumiya mai agogo. A cikin ciyawar da ta kewaye shi akwai duwatsu, wasu a tsaye, wasu a kwance kamar benci. Nan take na hango mu zaune kan ɗaya da yamma, tana fere mini lemo.

Na saye shi na rataya a bangon ɗakinmu, na tura wa maginina da ke gida hotonsa, na ce kada ya canza ko bulo ɗaya. Gini ya yi ta tashi har aka kai rufi. Mahaifinta, limamin unguwarsu, ya ce ranar Lahadi zai je ya ga inda za a ajiye 'yarsa, sannan ya sa rana.

Ranar Juma'a wani dattijon injiniya ɗan garinmu, wanda ya yi karatu a Ingila, ya biyo mu daga masallaci don cin shinkafar kabsa. Ya ɗebo loma ke nan idonsa ya faɗa kan bango.

"Wa ya rataye coci a ɗakin nan?"

Na yi dariya na ce, "Yallaɓai, gidana ne. Ai ka ga babu gicciye."

Ya wanke hannu ya sauko da zanen. "Nasu na wancan zamanin ba lalle ka ga gicciye a waje ba. Wannan ya haura shekara ɗari biyu, cocin ƙauye ne. Tagogin nan an yi su da tsawo don haske ya ishi masu karatu. Hasumiyar ta ƙararrawa ce. Ciki kuwa zaure ɗaya ne, babu ɗaki." Ya ɗora yatsa kan dutsen da na zaɓa mana. "Waɗannan kuma kaburbura ne."

Sai ɗaya daga abokan ɗakina ya ce a hankali, "Ango, mabruk, sai a nemo mai kaɗa ƙararrawa."

Na fita rana na kira maginin. Ya ce, "Haba Alhaji, ai tun ranar farko na gane, na taɓa gina biyu a Sabon Gari. Ka ce kada a canza bulo ɗaya, ni kuma na ce ƙila haka ake yayi a Saudiyya." Ashe yaran unguwa ma sun daɗe da raɗa wa wurin suna, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na kira yarinyar na faɗa mata. Ta ce, "Ka kira Baba da kanka, kafin ya ji a bakin wani."

Ban taɓa yin waya mai nauyin wannan ba. Na durƙusa a bakin hanya kamar yana ganina, na faɗa masa komai. Ya ce zai je ya gani.

Da yammacin Lahadi ya kira. "Ɗana, na zagaya shi. Waɗanda suka fara yin irinsa sun san abin da suke so, wurin taruwar jama'a suka gina, kuma ya yi kyau. Kai fa me ka gina? Na nemi madafa ban gani ba. Mai wucewa a kan babur zai hangi 'yata har ƙuryar ɗaki. Kana sonta, ban musa ba, amma ba ka taɓa tunanin yadda za ta wuni a ciki ba."

Bai hana ni ita ba, bai kuma sa rana ba. Sai da aka sauke hasumiya, aka toshe rabin kowace taga, aka ja katanga. Hakan ya ci mini ƙarin shekara guda a Sulay, na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuma tana jira.

Yau 'ya'yanmu uku a gidan. Abin da na koya shi ne, duk abin da ya burge ni, in fara tambayar me aka yi shi dominsa. In kuma don wani zan yi abu, shi zan fara tambaya. Shekara biyu ina gina mata gida, ban taɓa ce mata ina take son a sa murhu ba.