Zuwa Zariya Don Wayar Baba Malam

Daga Nassarawa

Ko da aka kira assalatu na riga na shirya. Jakata biyu, ɗaya ta kaya da tsaraba, ɗaya kuma 'yar ƙarama wadda maigidana yake kira asibitin wayoyi. A cikinta akwai ƙananan sukundireba, hantsaki, buroshi, sifirit, gam da 'yan robobin ɓamɓare marfi. Ni fa ba mai gyaran waya ba ce, aikin ofis nake yi a nan Nassarawar Kano. A kan tawa wayar na koya, ina kallon bidiyo ina kwancewa ina ɗaurawa, don ba na son hotunana su kwana a hannun namijin da ban sani ba. Maigidan ya yi ta yi mini dariya har ranar da na canja masa gilashin tasa, daga nan dariyar ta ragu.

Abin da ya tayar da ni shi ne Gwaggo, yayar babanmu da ke Tudun Wadar Zariya. Mijinta, Baba Malam, ya rasu, tana cikin takaba. Idonta ya daɗe da yin yana, ba ta iya duba Alƙur'ani, shi ya sa tun yana raye ya riƙa ɗaukar muryarsa a wayarsa yana karanta mata surori da azkar, tana bi. Bayan rasuwarsa wayar nan ta zame mata abokiyar zama. Sai kawai ta daina shan caji, ta mutu. Ɗanta Nasiru ya tambayi wani abokinsa, aka ce watakila sai an yi mata filashin, wato a wanke duk abin da ke ciki. Gwaggo na jin haka ta tura wayar ƙarƙashin filo ta ce babu inda za ta je. Ita ba ta fita, kuma akwai hotunanta ba ɗankwali da Malam ya ɗauka, ba za ta yarda wani ƙato ya gani ba.

Ta wayar Nasiru ta kira ni. Ba ta ja zance ba, ta ce, "Zulai, an ce kina buɗe waya. Ki zo ki buɗe wannan a gabana."

Na sa Nasiru ya karanto mini sunan wayar daga jikin kwalinta, ranar Juma'a na shiga kasuwar waya ta Farm Centre na sayo batir da ɗan faifan da bakin caji yake jiki, ko za a buƙata. Na san idan na lalata tawa sai in sayi wata, wannan kuwa babu inda ake sayar da abin da ke cikinta.

Allah ya haɗa ni da abokiyar tafiya. Maƙwabciyata Malama Rahila, malamar makaranta ce 'yar Wusasa, za ta je duba mahaifiyarta, ta ce in ajiye maganar tasha in shigo motarta. Mun fita layinmu fitilun gidaje na kunne, masu gadi na naɗe tabarmi.

Kura zuwa Kwanar Dangora

Gari ya waye mana a Kura, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama. Rahila tuƙi take yi kamar ta ɗauko ƙwai, har manyan motoci na wuce mu. Na ce mata a haka sai Gwaggo ta fita takaba ba mu isa ba. Ta ce in ina sauri in kwance injin da sukundirebana in ƙara masa gudu. A Ciromawa muka tsaya muka sayi ƙosai mai zafi da kunu, muka ci a cikin mota.

Kafin Kwanar Dangora akwai shinge. Jami'in ya gaishe mu da ladabi, ya leƙa but ɗin mota, sannan ya nuna 'yar jakar da na rungume. Da na zuge ya ga ƙarafa jere, sai ya dube ni ya dubi hijabina ya ce, "Hajiya, agogo kike gyarawa?"

Na ce waya. Sai ya zaro tasa daga aljihu, ya ce ta daɗe ba ya jin mai magana sai ya sa a sifika, kowa a shingen ya san sirrin gidansa. Na duba 'yar ragar da ke saman gilashi, ta toshe da datti. Na ɗiga sifirit a buroshi na goge a hankali, na ce ya gwada. Ya kira matarsa, ya ji ta raɗau, ya yi ta washe baki yana sa mana albarka. Rahila ta yi dariya har Tashar Yari, wai da ta sani da tuni ta buɗe mini shago a garejinta. Ni dai abin ya ɗan kwantar mini da hankali, na ce Allah ya sa ta Gwaggo ma ta zo da sauƙi haka.

Tudun Wada

Hantsi ya ɗaga muka shiga Zariya. Rahila ta shiga ta yi wa Gwaggo gaisuwa, ta wuce Wusasa a kan za ta biyo mini washegari. Na tarar da Gwaggo ta rame, tana zaune a kan darduma da carbi. Sai da na ci tuwo na sha fura tukuna ta ɗaga filo ta miƙo wayar da hannu biyu. Ta ce in zauna nan kusa da ita, a bakin ƙofa inda haske yake.

Na fara da abin da ya kamata kowa ya fara da shi. Na gwada wata igiyar caji da fawa bankina, 'yar ma'ajiyar cajin da nake yawo da ita, shiru. Na lura igiyar ma ba ta shiga ta zauna, da an saki sai ta zame. Na haska fitila a bakin cajin, na ga ya cushe da wani abu ja. Na ɗauki tsinken sakace na fara tonowa a kan farar takarda, ga shi nan yana fitowa kaɗan-kaɗan, ja-ja, gauraye da zaren aljihu. Na kai hanci na sunsuna, sai na gane. Baba Malam a aljihu ɗaya yake zuba goro da waya, duk wanda ya gaishe shi sai ya ɓantaro masa. Ɓarɓashin goron shekaru ne ya taru a ciki, duk sa caji ana ƙara danna shi.

Na ɗaga takardar zan hure, Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ta tambaye ni mene ne, na gaya mata. Ta karɓi takardar ta naɗe ta ƙulle a bakin mayafinta. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da aiki.

Na sake sa caji, igiya ta zauna daram, amma waya ko motsi. Na ƙara haskawa, sai na ga ɗan harshen da ke tsakiya ya karce, haƙoransa biyu sun lanƙwashe. Na ɗago na dubi Nasiru da ke tsaye a bakin ƙofa. Shi taubashina ne, ba ma raga wa juna. Na ce wane gwani ne ya sa wa wayar nan allura? Ya fara sosa ƙeya yana cewa ai taimako ya yi niyya. Na ce sannu likita, saura ka yi wa kanka tiyatar ido da ita. Gwaggo ta ce in bar shi haka, ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ita.

Dole a buɗe ke nan. Marfin bayan da gam aka manne shi, sai an ɗumama yake saki, na kuwa taho da na'urar busar da gashi don haka, ga shi babu wuta a unguwar tun jiya. Na zauna ina zufa. Gwaggo ce ta tambayi me nake nema, na ce zafi kaɗan wanda ba zai ƙona ba. Ta sa aka juye ruwan fulas ɗinta a gorar roba, muka rufe tam, muka naɗe da tawul, na ɗora wayar a kai. Da marfin ya yi ɗumi na zura 'yar roba ta gefe ina bi a hankali har ya saki. Na kwance notunan ina jera su a faranti yadda na ciro su, na fara cire igiyar batir kafin in taɓa komai. Batirin lafiyarsa ƙalau, bai kumbura ba, na bar shi. Na ciro tsohon faifan da hantsaki na sa sabon, na mayar da komai. Duk wannan Gwaggo ba ta gani sosai, amma fuskarta na kan hannuna, bakinta na motsi.

Na jona wayar da fawa bankina. Gilashi baƙi ƙirin. Nasiru ya fita tsakar gida don ba zai iya kallo ba. Wallahi na fara shirya kalmomin da zan ba Gwaggo haƙuri da su, sai ga ɗan hoton batir ya bayyana da jan layi a ƙasansa. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har kajin gidan suka watse.

Da ta ɗan sha caji na kunna, na shiga wajen muryoyin, suna nan cif. Na taɓa na sama. Muryar Baba Malam ta cika ɗakin, yana karanta Tabaraka a nutse yadda ya saba. Can tsakiya ya yi gyaran murya ya tsaya, sai muka ji ya ce, "Hajiya, kina bi kuwa, ko kin yi barci?"

Gwaggo ta ce, "Ina bi, Malam."

Na tashi na fita na sami Nasiru a gindin rijiya, muka tsaya kowa na share ido, ranar dai babu tsokana. Da la'asar aka kawo wuta, na kwafe muryoyin duka a katin ajiya da kuma wayar Nasiru, na ja masa kunne a kan allura. Na bar wa Gwaggo fawa bankin.

Komawa

Washegari bayan azahar Rahila ta biyo mini. Gwaggo ta haɗa mu da daddawa da kuka da kwalbar man shanu, ta riƙe hannun Rahila ta yi ta sa mata albarka har da mahaifiyarta. Ni kuwa addu'ar da ta yi mini ba zan iya maimaita ta ba ba tare da na yi kuka ba. A shingen jiya jami'in nan ya gane motar, ya ɗaga mana wayarsa sama yana dariya, muka wuce.

Mun shigo Nassarawa ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma rufa mini asiri a gaban Gwaggo. Na gode wa Rahila da ta ƙi karɓar ko kuɗin mai, da maigidana da ya karɓi asibitin wayoyi a ƙofa da hannu biyu, yau babu dariya.

Ina cire hijabi wayata ta yi ƙara. Na duba, sai na ga an rubuta Baba Malam. Na daɗe a tsaye kafin in iya ɗauka. Gwaggo ce, tana tambaya ko mun sauka lafiya. Na ce lafiya lau, ta ce to madalla, bari ta koma, sun tsaya a tsakiyar sura. Har yau ban canja sunan ba.