Ɓawon Gyaɗa a Jerin Sarakuna

Jiya a lakwal, makarantarmu ta Magariya, malamin tarihi ya nuna mini jerin zuriyar wani gidan sarautar Sikh na ƙasar Indiya. Ya ce kakanninsu da takobi suka ci ƙasa, amma jikokin sai wanda Turawan Ingila suka ga dama yake hawa gado. Na dubi fotunansu, ga rawani, ga lambobi cike da ƙirji, sai na tuna kakata.

Ita da gyaɗa take lissafa sarakunan ƙauyenmu na kusa da Bande, kowane sarki ƙwaya ɗaya a kan tabarma. Wata rana tana ɓarar gyaɗa, wani Alhaji mai neman sarautar garin ya shigo, turarensa ya cika gidan. So yake ta shaida cewa kakansa jinin gidan sarauta ne.

Ta jera ƙwaya huɗu, a gurbin ta biyar ta ajiye ɓawo.

"Iya, wannan fa?"

"Kakanka ke nan, Alhaji. Dokin kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan, yake wankewa. Nasara ya ga ya iya durƙuso, ya naɗa masa rawani."

"Ai akwai takarda, Iya!"

Ta hure ɓawon, ya faɗa kan takalminsa. "To, takardar ta riƙe shi mana."

Alhajin dai ya sami sarautarsa. Amma har yau in maroƙa na wasa shi, ɓawon nan nake gani.

Allah ya jiƙan ki, Iya, ya haskaka kabarinki. Ranar awo, Allah ya sa a same mu ƙwaya, ba ɓawo ba.