Mutumin da Ya Shuka Ciyawa a Gagarawa

Yayana Gudaji mai facin keke ne a bakin tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, kuma tun da nake ban ga mai taurin kai irinsa ba. Ba shi da yawan magana. In ya ce "to", ka ƙyale shi kawai, don ko yini ka yi kana lallashi, abin da ya sa a ransa shi zai yi. Da mahaifinmu ya rasu, ni na karɓi rabona a awaki na tafi da su ɗakina a Ɗanzomo, shi kuma ya riƙe gonar gabas da gari, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari. Da ita yake ci da matarsa Zuliha da 'ya'yansu, don faci cefane kawai yake kawowa.

A wajen leburorin jirgi ƙwallo ya shiga ransa. Abin dariyar, shi kansa bai iya bugawa ba, in yana gudu sai ka tausaya masa. Amma shi ke ɗinke ƙwallon in ya fashe, shi ke ba shi iska da famfon keke, shi ke tara samarin gari. Da an gama girbi sai ya kwashe karan gonarsa ya kafa sandunan gola, a yi ta wasa duk rani. Ruwan farko na sauka a cire sanduna a yi shuka. Haka ake yi shekara da shekaru, ba wanda ya ce uffan.

A shekarar 1976 labari ya zo cewa za a gina filin wasa guda ɗaya a ƙasar Gumel, da katanga da rumfar 'yan kallo, garin da ya samu kuma shi zai riƙe ƙungiyar da za ta riƙa zuwa Kano buga wasa. Nan fa gardama ta tashi a kowace majalisa. Mutanen Gumel suka ce ai magana ta ƙare, su ne babban gari, su ke da makarantu. Na Maigatari suka ce kasuwarsu kaɗai ta isa ta cika fili, ga 'yan Damagaram da za su riƙa tsallakowa wasa. Na Sule Tankarkar suka ce su ke da fegi har ba a san iyakarsa ba. Gagarawa kuwa ko ambatonta ba a yi, abin da ya ƙona ran Yaya ke nan.

"Jirgi a ƙofarmu yake tsayawa," ya ce da ni ranar da na zo ganin gida. "Samarinmu sun ci Maigatari, sun ci Sule Tankarkar. Me Gumel ta fi mu in ba bene ba?"

Na ce, "Yaya, ka ci tuwonka."

Ya taɓa ganin babban filin Kano wata rana da ya je sayen kayan keke, abin da ya tsaya masa a rai kuwa shi ne ciyawar, kore shar, a kwance kamar tabarma. Da aka ce jami'ai za su zagayo duba garuruwa a tsakiyar damina, sai ya yanke wa kansa cewa garin da ya nuna musu koriyar ciyawa shi zai samu. A tsakiyar damina kuma, in ya shuka, geron gonarsa ya fi tsawon mutum. Don haka ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, Gudaji bai shuka ko ƙwaya ba.

Ku tuna farin nan da ya ƙarar da shanu bai daɗe da wucewa ba, mutane ba su manta da cin dusa ba. Barin gona a irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Kawu Sajo, ƙanin mahaifiyarmu, shi ne sarkin noman gari, ya taka har rumfar faci.

"Gudaji, gonar ubanka lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

"To me za ka ba iyalinka baɗi? Ƙwallon za a dafa?"

"Allah zai kawo, Kawu."

Kawu ya kaɗa rigarsa ya tafi, ya daina amsa masa gaisuwa. Ni ma da na ji, na aiko masa da maganganun da ba zan maimaita ba. Zuliha ce kaɗai ba ta ce komai a waje ba, ta dai ƙara yawan ƙuli-ƙulin da take yi na sayarwa, tana leƙa rumbu tana ganin ƙasansa na matsowa.

Shi kuwa kullum bayan sallar asuba sai ya hau kekensa ya nufi fadama, ya tono kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da kowane manomi ya tsana, ya zo ya dasa layi-layi kafin ya buɗe rumfa. Ya bi ya cire ƙarangiya da hannu. Samarin ƙwallo sun san abin da yake yi, suna taya shi. Dattawa kuwa bai yi musu bayani ba, halinsa ke nan, su ma ba su tambaya ba. In sun wuce suka ga gonar ta yi kore sai su girgiza kai, a ganinsu ciyawa ce ta cinye gonar da mai ita ya yasar. Wa zai kawo a ransa cewa mutum mai hankali zai dasa kiri-kiri da hannunsa?

Ana gobe jami'an za su iso, Yaya ya kwashi samarinsa suka tafi Gumel don su rako baƙin, kada a yi musu wayo a tsallake Gagarawa. A ranar ne zuciyar Kawu Sajo ta karye. Ya tsaya bakin gonar ya daɗe, sannan ya je wajen mai gari ya ce ko ɗan 'yar'uwarsa ya haukace, ba zai bari manyan baƙi su taka gonar a cikin wannan ƙazanta ba alhali yana raye. Ya sa aka yi shelar gayya. A wajenmu in ciyawa ta fi ƙarfin mutum haka ake yi masa, gari ya fito da fartanya a rufa masa asiri.

Washegari na iso da sassafe don in taya Zuliha girkin baƙi. Muna cikin gida muna jin gangar noma daga gabas, har ina cewa wane ne wannan mai farin jini. Ba wanda ya shigo ya gaya mana, don so suke abin ya zo wa mai gida ba zato. Sun yi aiki kuwa na tsakani da Allah. Sun tono kiri-kirin har saiwa, don kowa ya san in ka bar gaɓa ɗaya sai ta dawo, suka tara ta tsibi-tsibi a gefe. Da suka ga da sauran rana, sai suka ja kunya daga wannan baki zuwa wancan, wai in baƙi sun tafi ya samu ya jefa wake.

Bayan azahar Landiroba ta tsaya, Yaya ya fara sauka. Ina daga bayan dangar maƙwabta ina kallo, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Babban cikin jami'an ya dubi kunyoyin, ya dubi dattawan da ke tsaye da fartanya a kafaɗa suna murmushi.

"Malam Gudaji, ina filin?"

Kafin ya buɗe baki Kawu ya matso. "Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ko tsinke ba mu bari ba."

Mutumin bai yi wulaƙanci ba. Ya yaba aikin, ya ce gona ce mai kyau, amma su filin wasa aka aiko su dubawa. Suka sha ruwa suka wuce Sule Tankarkar. Daga baya aka ji Gumel ce ta samu. Wataƙila ko da sun ga ciyawar, Gumel ɗin za a ba, ban sani ba, amma ni har yau ina jin haushin abin.

Hussaini, mai tsaron gola, shi ya fashe da kuka ya gaya wa dattawa abin da suka tone. Gangar ta yi shiru. Kawu Sajo ya sauke fartanyarsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ɗauka ranar Yaya zai yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga wa babba murya. Sai kawai ya juyo ya ce a fito da abincin baƙi, tunda wanda aka yi wa gayya shi ke ciyarwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa sannunku da aiki, Allah ya saka. Ni kuma ina bin bayansa ina zuba fura.

Da aka gama ci, Kawu ya ce a hankali, "Gudaji, ka karɓi irin wake a wajena. Lokacinsa bai wuce ba. Ka tsira da wani abu."

"Na gode, Kawu. Amma ba wake nake so ba." Ya nuna tsibin ciyawar. "Ba ta mutu ba tukuna. In an baje kunyar nan gobe aka mayar da ita, za ta kama."

"Baƙin fa sun tafi, ɗan nan."

"Samarin suna nan, Kawu."

Na san ma'anar wannan magana, ma'anarta shi ne bana gidan yayana daga rumbuna na Ɗanzomo zai ci, kuma haka aka yi, ban fasa yi masa mita ba ko sau ɗaya. Amma washegari ban koma ba, na tsaya in ga ko wani zai fito. Ba a buga ganga ba, ba a yi shela ba. Hantsi bai yi ba sai ga mutanen gayya suna zuwa ɗai-ɗai, suka baje kunyoyin da suka ja jiya, kowa ya san babu sauran mai zuwa dubawa. Kawu Sajo, wanda ya tsufa yana kashe ciyawa har aka ba shi sarauta a kai, ya ɗebo kiri-kiri cikin hannunsa ya tsuguna, ya daɗe yana jujjuya ta.

"Gudaji," ya ce, "zo ka nuna mini yadda ake dasa ta. Ni ban iya ba."