Gawayin da Zainab ta kawo

Idan sanyin Madina ya sauko, bayan sallar magariba kakarmu, wadda muke kira Sitti, takan sa a hura gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Jurf, ta ɗora shayi da na'ana'a, ta yi mana tatsuniya. Ni ce mai fifita wutar, don haka gefen damanta nawa ne.

Sai ga Zainab, 'yar kawuna, sun zo umara daga ƙasar Birtaniya a ƙarshen Disamba. Ko Hausar kirki babu a bakinta, amma ta zauna daram a wurina. Ta miƙa wa Sitti gwangwanin biskit mai man shanu, da wani baƙin kek cike da zabibi, da gishiri, da gutsuren gawayi a ƙunshe. Wai haka maƙwabtansu suke yi a sabuwar shekara: baƙon da ya fara shigowa shi ke kawo su, don kada gida ya rasa ci ko ɗumi. Har da giya, amma su lemo ake kawo musu.

Haushi ya cika ni. Na ce, "Gawayi kuma? Buhu guda gare mu!" Biskit ɗin ma na ƙi ci, alhali yawuna na tsinkewa.

Sitti ta ɗaure gawayin a bakin mayafinta, ta ce, "Yalla, ku matso, ga wata nan tafe." Wai wata tsohuwa ce wutarta ta kusa mutuwa cikin hunturu. Baƙuwa ta zo mata da gawayi ɗaya daga nesa, gari duk ya ɗauka da yabonta. Ita kuwa jikar gidan, da ta yi ta hura wutar har idonta ya yi ja, ba wanda ya ambace ta.

Na ce, "To, wa tsohuwar ta fi so?"

Ta ce, "Ke dai fifita, ya binti, 'yata, shayi na hucewa."

Wallahi har na yi aure ban yafe wa gawayin nan ba. Na ɗauka tatsuniyar rarrashi ce kawai.

Da Sitti ta rasu, ni da Zainab muka buɗe akwatinta. Gawayin na nan, ko wuta bai taɓa gani ba. A cikin tsumma ɗaya da shi, ga tsohon maficina da nake fifita wutar da shi, duk bakinsa ya ƙone.

Zainab ta ɗauki nata. Ni kuwa na kasa ɗaga nawa, don kuka.