Randar Sahura da Tukunyar Inna Habsu

Duk Nasarawa Burkullu babu wanda bai san dakan Sahura ba. In ta kama taɓarya tana lugude, kajin garin Gwashi ma sai sun ɗaga kai su saurara. 'Yan uwa na tsokanarta cewa ranar da Almustapha tela ya aure ta ya kai ta Gummi, turmin gidansu har ajiyar zuciya ya yi.

To, da ta sami cikin fari, sai luguden ya bar turmi ya koma ƙirjinta. Tana zaune lafiya lau, zuciyar za ta zabura kamar an koro akuya daga gonar wake, jijiyar wuya na rawa, idanu na ganin duhu. Ba ta gaya wa kowa ba. Mai cikin fari ai ba ta da baki, ko da cikin ya riga ta shiga ɗaki. Sai da ta zube gaban murhu, sannan Almustapha ya kwashe ta zuwa asibiti.

Likita ya daɗe da abin awo a ƙirjinta, fuskarsa ba wasa. Ya ba ta ƙwayoyi ƙanana, ya hana ta goro da kanwa. Ya ce in bugun ya taso, ta tsoma fuska cikin ruwa mai sanyi ta riƙe numfashi. In ya ƙi kwanciya, a kawo ta da gudu, don rai biyu ne.

Haka ta yi ta lallaɓa abinta da ruwan randa har cikin ya tsufa, aka mayar da ita gida goyon ciki, hannun mahaifiyarta Inna Habsu. Ita kuwa Inna a duniya ba ta da maƙiyi kamar sanyi. Duk macen da ta rasu a dangi, in ka tambaye ta, sanyi ne. Ranar da ta ga Sahura ta dulmiya kai a ƙwarya, salatinta har bakin kasuwa.

"Mi nika gani haka? Kashe kanki za ki yi?"

"Inna, likita ya ce..."

"Likitan shi ya haihe ki?"

Kafin la'asar an fitar da randa daga ɗakin. Kusa da katanga kuwa Inna ta fara tara itacen wankan jego, kullum tarin na tashi, har ya kere rumbu. Buhun kanwa na jingine gefe yana jiran ranarsa.

Damina ta zauna, hanya ta zama kunu, ko mashin ba ya ratsawa. A irin wannan rana abin ya taso, da tsakar rana. Inna ta lulluɓe ta da bargo, ta ruga dafa ruwa. Sahura ta ji ɗan cikin ya yi shiru. Ta yaye bargon, ta ja jiki da gwiwa har gindin indararo, inda ruwan sama ya cika kaskon awaki. Ta tsoma fuska, ita da kashin kaji da komai. Ta riƙe numfashi har kunnuwa suka toshe. Can zuciyar ta yi tsit, sannan ta dawo a hankali, tamkar dakan tsohuwa.

Da ta ɗago, Inna na tsaye kanta da tafasasshen ruwa. Sahura ta dube ta, ta faɗi abin da ba a taɓa jin 'yar gidan ta faɗa ba.

"Inna, ɗana ya motsa. Ɗana nika so ya rayu."

Da yamma Inna ta mirgino randar da kanta, ta mayar ɗakin Sahura. Sannan ta koma ta jawo babbar tukunyar wankan jego, ta girke ta daidai ƙofar, ta zauna tana kankare mata baƙi.